Giwan Ruwan Da Sanyi Ya Ƙona

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku matso, amma kar ku matso da yawa, don har yanzu hannuna ƙarnin kifi yake yi duk da lemun tsamin da na ɓarnatar a kansa.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Nasiha. Gidanmu yana unguwar Roumdé Adjia a nan Garwa ta Kamaru. Na gama jami'a a Maruwa, na dawo gida da takardar da har yau ba ta saya min ko katin waya ba, don haka turaren wuta da humra nake sayarwa ta WhatsApp. Babana Malam Adamu mahauci ne. Kakana ma mahauci ne. Na faɗa da wuri ne saboda duk abin da ya same ni yau daga nan ya taso.

Akwai wani bawan Allah da ake kira Mahfuzu. A Maruwa muka haɗu. Dogo ne, mai sanyin magana, in yana dariya ba ka jin sauti, kafaɗunsa kawai za ka ga suna rawa. Danginsa 'yan kasuwa ne masu shagunan atamfa da shadda, irin mutanen da za su gaya maka unguwar da kakansu ya baro a Kano kafin su tambayi sunanka. Iyayensa sun rasu yana ƙarami, yayar babansa Goggo Saudatu ce ta rene shi. Wanda zai nema masa aure kuwa Baffa Zaharaddin ne, shi kuma ya ce ba zai taka ƙofar gidan kowa ba sai Goggo ta ga yarinya da idonta ta ce masa to.

A namu gidan kuma Inna ta sa ni gaba. Ko shara nake yi sai ta sako zancen.

"Nasiha, wannan mai rawar kafaɗar, in da gaske yake ya turo manya. In kuma ɗumama mana zaure ya zo yi, ya faɗa mu sani. Sa'anninki duk suna goyo na biyu."

"Inna, Goggonsa ake jira."

"Ita Goggon daga sama za ta sauko?"

Matsalar Mahfuzu ɗaya ce, bai iya riƙe magana ba. Wata rana muna hira ta waya ya ce min, yana dariya, wai da ya ba Goggo labarina cewa ta yi: "'Yar mahauta? To ni da likita ya hana jan nama, in na zo gidanku me zan ci?"

Shi abin dariya ya ɗauke shi. Ni kuwa har cikin ƙashina na ji maganar, don na san abin da ke ƙarƙashinta. Tun ina firamare yara ke matsawa gefe a benci su ce ina warin jini, alhali da sabulu mai tsada Inna ke mana wanka. Zuciya ta ɗebe ni, yatsuna suka riga hankalina, na rubuta masa:

"Ka ce wa Goggo ta zo ta ci gasasshen giwan ruwa daga hannuna. In ta taɓa cin irinsa a Garwa, na daina girki."

Jama'a, ni Nasiha ban taɓa gasa kifi ba tun da aka haife ni. A gidanmu kifi baƙo ne, Baba ma cewa yake abincin marasa haƙori. Ku ba ni cinyar rago in raba ta da ƙashi idona a rufe. Amma kifi? Ko ƙayarsa ban san ta inda take kwanciya ba.

Shi kuwa bawan Allah ya ɗauki maganar da gaske. Ana tsakiyar zafin bazara ya tashi takanas ya tafi madatsar ruwan Lagdo, ya zaɓo giwan ruwa da kansa, ya sa aka feɗe aka zare ƙaya, tsoka zalla aka yanka fale-fale, fara tas da ɗan ja-ja a gefe, aka jera a leda aka ɗaure tam. Ya kawo min har zaure yana ta zufa.

"Ki adana shi da kyau. Goggo ta tafi Yawunde ganin likita, tana dawowa zan kawo ta."

Na karɓa da yanga kamar wadda ta saba. Yana fita na kwance ɗaurin ledar, na jera kifin a farantin Inna mai zanen fure, na ɗauki hoto ta sama, na ɗauka ta gefe, na ɗora a WhatsApp da rubutu a ƙasa: "Wasu fure ake ba su, mu giwan ruwa." Ƙawaye suka yi ta turo min zuciyoyi. Da na gama shan yabo sai na mayar da kifin leda, na ɗan lanƙwasa bakinta ba tare da na ɗaure ba, na jefa a babbar firizar Baba da ke barandar tsakar gida, inda yake ajiye naman da ya kwana.

Zaman Goggo a Yawunde ya yi tsawo. Damina ta sauka. Kifi ya yi ta nutsewa ƙarƙashin ƙafafun shanu da kayan ciki, ni kuma na manta da shi kamar ban taɓa ganinsa ba.

Yau da safe ina kwance ina lissafin wanda zan tallata wa humra, waya ta yi ƙara da saƙon Mahfuzu.

"Albishirinki. Goggo ta dawo. Yau bayan la'asar za mu zo. Ta ce tun tana Yawunde take jin labarin giwan ruwanki."

Na karanta na sake karantawa. Na tura masa hoton fuska mai murmushi, sannan na diro daga gado ba takalmi.

Da kun ga yadda na shiga firizar nan da kun tausaya min ko kun yi dariya, ban san wanne ba. Rabina a ciki, ƙafafuna a sama, ina fito da ƙafar sa, ina fito da tumbi, ina fito da wani kai da ban san ranar da ya shiga ba. Can a ƙasa, a lungu, na taɓo ledar. Bakinta a hangame.

Abin da na fito da shi bai yi kama da abin da na sa ba. Ledar cike take da garin ƙanƙara. Kifin da na sani fari mai sheƙi ya koma toka-toka, gefunansa sun yi fari fat sun bushe kamar kwali, wasu wuraren sun yi dabbare-dabbare kamar bangon da ruwa ya ci. Na ƙwanƙwasa yanka ɗaya a bakin firiza, ya ce ƙwas.

Inna ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. Ta dubi kifin, ta dube ni.

"Wannan ne za a ba surukar?"

"Inna, don Allah."

"A'a, tambaya na yi. In soson wanka ne ki faɗa min in kai banɗaki."

Na kira Jacqueline, ƙawata ta maƙwabta. Su mutanen kudu ne, a gidansu kifi kamar ruwan sha yake. Ta shigo da zane ɗaure a ƙirji da hular gashi, ta ɗaga yanka ɗaya ta duba a haske, ta shinshina.

"Ah, ma chérie. Sanyi ya ƙona shi."

"Sanyi kuma yana ƙuna?"

"Ga shi kina gani. Kin bar leda a buɗe, iska ta shiga ta tsotse ruwan jikinsa."

"Zai kashe mutum?"

Ta sake shinshinawa. "Bai ruɓe ba, firizar Babanki ba ta wasa. Ba zai kashe kowa ba. Amma daɗi kam, sai dai a yi haƙuri."

Sai dabara ta zo min, irin dabarata. Na ce ai kifi ba ya da suna a goshi, in sayo sabo a kasuwa mana. Na zura hijabi, na tare moto, wato ɗan acaɓa, a bakin titi ana yayyafi. Kafin mu kai yayyafi ya zama ruwa sosai. Na shiga layin masu kifi ina ɗiga, ina tambayar giwan ruwa rumfa rumfa. Wata dattijuwa ta dube ni ta kwashe da dariya.

"'Yata, daga ina kika fito? An rufe kamu a Lagdo, kifi na haihuwa. Sai bayan damina."

Abin da ke kasuwar bandar tarwaɗa ce da kifin kwali na teku, wanda ko ni da ban san kifi ba ba zan kira shi giwan ruwa ba, balle matar da kifi ne abincinta kullum. Haka na hau wani moton na dawo hannu wofi, hijabi ya manne min a jiki.

A nan ne na yi abin da ya fi ɓata kifin muni. Na tsaya a tsakar gida na dubi gidanmu da idon Goggo. Ga katakon saran nama a bakin ƙofa, ya yi baƙi don daɗewa. Ga wuƙaƙen Baba a rataye jikin bango. Ga tsinkayen tsire a kwando. Na ja katakon da ƙyar na tura bayan ɗaki na rufe da buhu. Na naɗe wuƙaƙen a tsumma na cusa ƙarƙashin gadona. Na zuba turaren wuta a kasko har uku, turaren da ya kamata in sayar, gida ya turnuƙe har kyanwarmu ta yi atishawa.

"Inna," na ce ina kallon ƙasa, "ko za ki kira Baba, in zai dawo ya biya ta gidan Kawu ya yi wanka ya canza kaya?"

Inna ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. Ta dube ni.

"Ga waya a hannunki. Ki kira shi da bakinki ki gaya masa."

Ban kira ba. Amma na riga na faɗa, kuma ta ji.

Muka jiƙa kifin a ruwan sanyi har ya saki. Jacqueline ta haɗa min kayan gashi irin nasu, tafarnuwa da citta da masoro da ɗanyen ganye, muka shafe yanka ɗaya don gwaji muka ɗora a kan gawayi. Ƙamshi ya tashi, har na fara gyara tsayuwa ina tunanin irin kallon da zan yi wa Goggo. Da ya yi ja muka sauke.

Na gutsura. 'Yan uwa, kun taɓa tauna silifas? Ni ma ban taɓa ba, amma yanzu na san yadda yake. Gefen ya ƙi taunuwa, cikin kuma ya bushe kamar auduga, ga wani ɗanɗano na leda da tsohuwar ƙanƙara da ƙafar sa. Jacqueline ta tauna nata cikin ladabi, ta juya baya ta tofar a hannu. Na jefa wa kyanwa guntu. Ta zo ta shinshina, ta ɗaga kai ta dube ni, ta yi tafiyarta. Kyanwar da ke cin jijiya.

Na zauna a kan turmi na fashe da kuka. Hayaƙi na shiga idona, majina na zuba, ina cewa shi ke nan, Goggo za ta koma ta ce ai ta faɗa. Jacqueline na dafa kafaɗata da hannu ɗaya, ɗaya hannun tana murza sauran gasasshen da cokali don rashin abin yi. Yana ta wargajewa zare-zare.

Inna ta zo wucewa da bokiti. Tun maganar Baba ba ta ce min komai ba. Ta leƙa farantin ta taɓe baki.

"Gashi ko dambu? Wannan ai ya riga ya daku da kansa."

Gatse ta yi, ta wuce abinta. Ni kuwa kukan ya tsaya cak.

Dambu. Abu ɗaya da ake so a dambu shi ne ya bushe, nawa kifin kuwa ya yi rabin aikin tun yana firiza. Kuma in akwai abin da hannuna ya sani a duniya, dambu ne. Duk babbar sallah tun ina 'yar mitsitsiya nake zama gefen Baba yana juya shi a babban kasko, yana buge min hannu in na kai.

Na rarrafa ƙarƙashin gado na jawo tsumman da na ɓoye ɗazu, na zaro siririyar wuƙar Baba. Na shimfiɗa yankan ɗaya bayan ɗaya ina fere duk inda ya yi fari ya bushe, kamar yadda ake raba tsoka da jijiya. Kusan rabin kifin ya tafi a fira, zuciyata na zafi, amma abin da ya rage tsoka ce mai kyau. Na wanke da lemun tsami, na sake wankewa. Na dafa shi da albasa da citta da tafarnuwa da ɗan kanumfari har ruwan ya tsotse. Na kai hannu zan zuba gishiri da magi irin na gidanmu, sai na tuna matar daga wajen likita take, na ɗan barbaɗa kaɗan na rufe gwangwanin. Na zuba a turmi na ɗan daddaka sama-sama, don kifi ba nama ba ne, in ka matsa masa sai ya zama kunu. Sannan ɗan man gyaɗa a kasko, wuta ƙasa-ƙasa, na hau juyawa.

Dambu ba ya son ka ɗaga kai. Ina juyawa waya na ta ƙara a gefe, Jacqueline na karanto min saƙonnin Mahfuzu.

"Ya ce sun gama shiri."

"Ki tura masa fure."

"Ya ce Goggo ko abincin rana ba ta ci ba, ta bar wa gasasshen wuri."

"Wayyo Allah. Ki tura masa fure biyu."

A hankali ya fara canza kala, daga fari ya koma ruwan zuma, ya yi wara-wara yana ƙara a kasko. Na barbaɗa yaji kaɗan. Jacqueline ta ɗiba ta ɗanɗana, ta sake ɗiba. Na buge mata hannu. Inna kuwa, duk da fushin da take yi da ni, na waiga na ga ta ɗora farar shinkafa da miyar yakuwa, wadda a nan muke ce wa folere.

Ana kiran la'asar na faɗa wanka a gurguje. Na sa koren leshina na sallar bara da mayafi ruwan madara. Cikin sauri na ja kwalli, ido ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ba lokacin gyara. Na yi wanka da humra a kan ƙarnin kifi, na fito ina wani irin ƙamshi da ba shi da suna.

Ni a raina Goggo Saudatu wata ƙatuwar mata ce mai cika ƙofa. Sai ga 'yar tsohuwa siririya cikin laffaya ruwan toka, da tabarau da carbi, tana takawa a hankali saboda santsin ruwa. Mahfuzu ya tsaya a zaure. Inna ta tarbe ta da fara'a, suka gaisa da Hausa suka ƙara da Fulatanci, jam na, jam koo ɗume, aka tambayi hanya da jiki. Na durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Goggo. An dawo lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau. Ke ce Nasiha?" Ta dube ni ta saman tabarau, ta ɗan yi tari. "Gidanku akwai turare."

"Sayarwa take yi," in ji Inna.

"Na ji alama."

Na kawo tire na ajiye a gabanta na koma gefe na zauna a kan ƙafafuna. Waya ta yi motsi a cikin mayafina, na saci kallo. "Ƙamshi har zaure. Gashin ne?" Na rubuta masa da babban yatsa: "Ka yi ta addu'a."

Goggo ta buɗe kular shinkafa, ta buɗe ta miya, ta buɗe ta uku. Ta tsaya.

"Ina gasasshen?"

Na shirya ƙarya tun ina wanka, mai kyau kuwa: wai na ga gashi zai yi mata nauyi tunda daga asibiti take. Na buɗe baki, ƙaryar ta maƙale. Ita kuma ba ta jira ni ba, ta yi bisimilla ta ɗebi dambun da yatsu uku ta kai baki. Ta tauna a hankali. A waje ruwa na ɗiga daga indararo. Ta zuba shinkafa kaɗan, ta sa miya, ta barbaɗa dambun a kai. Ta ci. Ta ƙara barbaɗawa.

"Kifin nan ya sha sanyi," ta ce ba ta ɗago ba.

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. "E, Goggo. Ni na bar ledar a buɗe, sanyi ya ƙona shi. Na gwada gasawa, ko kyanwa ta ƙi ci." Ban san me ya kai ni ga zancen kyanwa ba. Inna ta rufe ido. "Kuma gaskiya ban taɓa gasa kifi ba sai yau."

"Tun lomar farko na ji," in ji Goggo. Ta sake kai hannu. "Rabona da dambu tun kafin a hana ni nama. Wa ya koya miki?"

Kafin in amsa muka ji sallama a tsakar gida. Baba ne. Ruwa ya kore su daga kasuwa da wuri.

Ta labule na hango shi. Rigar aikinsa ce a jikinsa, shuɗiyar nan da ta sha jini har ta daina wankuwa, ta jiƙe sharkaf. Takalmin roba duk taɓo. A hannunsa wani ƙunshi a takarda. Ya tsaya daidai inda katakonsa yake zama, ya dubi wurin babu komai. Ya ɗaga kai ya dubi bangon da wuƙaƙensa suke rataya. Ya ga baƙin takalma a ƙofar ɗakin Inna. Sai ya dubi rigarsa, ya ja da baya a hankali zai zagaya ta bayan ɗaki.

Ba wanda ya gaya masa komai, shi kaɗai ya gane. Wallahi da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ɗaga labulen gaba ɗaya na fita cikin yayyafi da leshina, na karɓi ƙunshin daga hannunsa da hannu biyu, jini na ɗiga ta takardar yana sauka a mayafina.

"Sannu da zuwa, Baba. Baƙuwa ce, ka zo ku gaisa." Na juyo wajen baƙuwar. "Goggo, ga wanda ya koya min. Babana ne."

Baba ya tsaya daga bakin ƙofa ya cire takalmi, ya ɗan rusuna suka gaisa. Ya ce ya ji za a yi baƙi, shi ne ya ware tozo tun safe ya hana kowa saye. Inna ta yi masa raɗa cewa likita ya hana Goggo nama. Na ga kunya ta kama shi, ya rasa inda zai sa hannunsa.

Goggo ta dube shi ta dubi ƙunshin. Fuskarta ba ta nuna komai ba.

"Malam, ni aka hana, ba a hana mutanen gidana ba. A kai mota. Na gode, Allah ya ƙara buɗi."

Ba ta daɗe ba bayan nan. Ta wanke hannu, ta ce a juye mata sauran dambun a roba. Na rako ta har bakin zaure riƙe da lema, zuciyata ta fara ɗan kwanciya. Sai ta tsaya ta dube ni ta saman tabarau, ta yi ƙasa da murya yadda Mahfuzu ba zai ji ba.

"Hannunki yana da kyau. Amma gasasshe kika yi min alkawari, ba dambu ba. Yarinyar da bakinta ke riga hannunta, ina jin tsoronta a gidan ɗana."

Ta shiga mota. Mahfuzu na ta ɗaga min gira yana tambayata da ido, ni kuwa na kasa ko murmushi.

Da na koma ciki na tarar da Baba ya yi wanka yana zaune a baranda, kaskon dambun a gabansa yana kankare abin da ya manne.

"Gishiri ya yi kaɗan," ya ce. Ya sake kankara ya kai baki. "Amma ba ki ƙona ba." Ya dubi bakin ƙofa. "Nasiha, ina katakona?"

Bai ɗaga murya ba, bai ma dube ni ba. Na je bayan ɗaki na yaye buhun, na jawo katakon ni kaɗai har inda yake zama, leshi na jan taɓo. Na fito da wuƙaƙen na rataye kowacce a ƙusarta. Na zo na durƙusa a gabansa na ce ya yafe min. Ya miƙo min kaskon ya ce in kai wajen wanke-wanke.

Ina tsugune a bakin famfo waya ta fara motsi. Mahfuzu ne, sun tsaya shan mai.

"Tun da muka fito ba ta ce uffan ba."

"Robar tana kan cinyarta, ta buɗe tana ci. Na miƙa hannu ta rufe."

"Me ta ce miki a zaure?"

Na goge hannu a zane na rubuta: "Fuskarta fa, yaya take?"

"Kamar kullum. Tsaya, tana magana."

Na tsaya. Famfo na zuba, kasko ya cika ya tumbatsa ban kashe ba.

"Ta ce kar in kai ta gida. Ta ce in wuce da ita gidan Baffa Zaharaddin."

Na zauna daɓas a kan siminti mai ruwa. Goggo ba ta zuwa gidan Baffa sai da magana, kuma maganar ɗaya ce cikin biyu: ko ya shirya goro, ko ya manta da hanyar Roumdé Adjia. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Ana kiran magariba saƙo na ƙarshe ya shigo.

"Ta shiga, ta ce in jira a waje. Tozon ta bar shi a mota. Amma da robar ta shiga."

Na ruga na karanta wa Inna, na ce ta fassara min. Ta karɓi wayar ta ƙura mata ido kamar ta iya karatun boko, ta miƙo min.

"In ta shiga da shi ne don ta ba shi ya ɗanɗana, kin tsira. In kuma don ta nuna masa shaida ne, sai ki fara koyon gashi." Ta juya ta ɗauki buta. "Kashe famfon nan, ki zo ki yi salla."

Na kashe, na yi alwala, na ajiye wayar a gefen sallaya fuskarta na kallon sama. Allah ya yafe min, ban san surar da na karanta a raka'ar farko ba.